Hotuna Uku a Ƙarƙashin Katifar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Saratu, wadda duk unguwar Bukoki ta Yamai ke kira Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan lafiya lau muke. Goggo Mariya ƙanwarki ƙafa ta matsa mata, amma baki yana nan daram. Na san ko kina raye sai an karanta miki wannan takarda, kuma na san mutane za su leƙa su karanta, abin da kika fi ƙi ke nan a duniya, a baza zancen gida a bakin titi. Ki yi mini haƙuri. Na daɗe ina cin maganar nan ni kaɗai, yanzu ta fi ƙarfin cikina.

Maganar Habibu ce, ɗana na fari, jikanki da kika ɗauke tun ranar da aka yaye shi. Ke ce kika goya shi, ke ce kika kai shi lakwal, makarantar boko, kina kiransa Maigida, kina yi masa tsiyar cewa ya kasa ba ki kuɗin cefane. Ni kuwa, kamar kowace 'yar mutunci, ban taɓa kiran sunansa a gabanki ba. In na zo gaisuwa daga gidana na ga yana wasa, sai in kawar da kai in ce, yaya yaron nan naku? Kunyar ɗan fari ke nan, kuma na riƙe ta sosai, don kada dangi su ce boko ya cinye mini tarbiyya tunda ina aikin sakatariya a biro, wato ofis.

Kin tuna shekarar. Damina ta yi gardama, gero ya ƙone tun bai yi kai ba, soja kuma suka sake karɓar mulki. Rediyo ba abin da yake yi sai kiɗan bariki da sanarwa. Dangi daga ƙauyukan Maraɗi suka cika miki gida, waɗansu da 'ya'ya, waɗansu da labarin shanun da suka mutu a hanya. Kika jibge buhunan gero da masara a zaure har kusa da rufi, don kada wani ya kwana da yunwa a gidanki. Kan waɗannan buhunan ne Habibu ya hau, yana ɗan shekara shida, ya zamo ya faɗo da ƙeya a kan siminti.

Da aka kira ni daga biro, na same shi a cinyarki ya yi amai sau biyu, ido yana lumshewa. A asibiti likita ya ce sai an yi masa sikanar, wato wannan injin mai kama da bakin rijiya da ake tura mutum ciki a ga abin da ke cikin kai. Ya ce dangin radiyo ne, irin hoton da ake yi wa mai karaya. Ko a wannan hali sai da kika yi barkwanci, kika ce mu da muka baro rediyo a gida yana kiɗan soja, shi ne za a sa yaro a ciki. Aka yi hoton. Ba jini a cikin kai, sai 'yar tsagewa a ƙashi wadda za ta haɗe da kanta. Inna, wannan hoto na farko ban taɓa yin nadamarsa ba ko sau ɗaya. Ya zama dole, kuma shi ya sa muka samu barci.

Bayan 'yan makonni sai ciwon kai ya fara. Ya dawo daga lakwal ya kwanta a tabarma yana dafe goshi. Muka koma wurin likitan farko, ya duba shi, ya haska masa ido, ya sa shi tafiya a kan layi ɗaya, ya ce ba ya ganin dalilin sake hoto, a ba shi ruwa da yawa a sa masa ido. Tun daga bakin ƙofa kika fara mita. Kika ce likitan da ya ƙi leƙa ciki, da ido zai gane abin da ke cikin ƙwarya rufe? A ranar kika yanke cewa za mu nemi wani.

Nan ne dokarki ta shigo. Kika ɗaga katifarki kika tura babbar ambulan ɗin hoton a ƙarƙashi, kika ce da ni, «Ba a zuwa wurin sabon malami da layar tsohon malami a wuya.» A ganinki, in likita ya ji wani ya riga shi dubawa, ko dai ya ji haushi, ko ya kwafi maganar ɗan'uwansa ya sallame mu. Kina son sabon ido wanda bai san komai ba. Haka kuke yi a gida tun kakanni, da mai ɗori, da mai magani, har da mai kitso, kuma ban taɓa jin ta cuci kowa ba sai a wannan karon.

A kilinik ta biyu aka miƙo takarda da Faransanci. Ke ba ki karatu, don haka alƙalami yana hannuna. A cikin tambayoyin akwai wadda ta ce, an taɓa yi wa yaron sikanar? Na karanta miki a hankali. Kika ce, «Rubuta wanga na farko.» Na rubuta a'a. Likitan ya ji labarin yaro ya faɗi da ka, yana ciwon kai, ba a taɓa duba cikin kansa ba. Me kike so ya yi? Ya rubuta a yi hoto, kuma da ni ce shi abin da zan rubuta ke nan.

Mai kula da injin wata Bazabarma ce 'yar Tondibiya, Madam Fati, doguwa mai Hausar kasuwa. Tun kafin ta buɗe baki, Habibu ya tuɓe takalmi, ya haye gadon injin, ya sa kansa daidai cikin mazaunin, ya haɗe hannuwa a ƙirji. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, «Yaron ga ya san gado.» Kika ce wayo ne da shi tun yana ciki. Sai ta tambaya, ni take kallo, ko an taɓa yi masa. Na girgiza kai.

Da za a kunna injin, ta fitar da ke waje, ta ce mutum ɗaya ya tsaya kusa da yaro don kada ya motsa. Ta rataya mini wata riga ta darma mai nauyi, har kafaɗuna suka yi ƙasa. Ita kanta ta shige wani ɗaki ta rufe ƙofa, tana leƙe ta gilashi. Ina tsaye a nan sai tunani ya zo mini. Ni babba an lulluɓe ni da darma, mai aikin ta ɓuya bayan bango, shi kuwa ɗan shekara shida yana kwance a tsakiyar abin da muke gudu, da 'yar rigarsa ta lakwal. 

Bayan an gama, kina can kina ba shi ruwa, Madam Fati ta ja ni gefe. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce hasken injin nan ya fi na hoton karaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba ya zama a jiki, ba a jin zafinsa, amma yana iya taɓa ƙananan ƙwayoyin jiki, kuma na yaro sun fi saurin taɓuwa don suna cikin girma, ga kuma shekaru masu yawa a gabansa. Ta ce haɗarin sau ɗaya ƙanƙane ne ƙwarai, in akwai dalili ba a tsayawa tunaninsa, amma kowace shiga tana ɗora kaɗan a kan kaɗan, shi ya sa ake tambaya. «Tambayar ga ba ta ado ba ce, Madam,» in ji ta. «In kun kawo tsohon hoto, sau da yawa shi ya isa.»

Hoton bai nuna komai ba, tsagewar ma ta kama hanyar haɗewa. Ambulan ta biyu ta bi ta farko ƙarƙashin katifa.

Na gwada gaya miki, amma irin gwajin matsoraci. Muna tsince shinkafa na ce, Inna, an ce hasken injin nan ba a son a yawaita shi ga yara. Ko ɗaga kai ba ki yi ba. Kika ce, «Hoto na hwa! Ni sau nawa aka ɗauke ni hoto don fasfon Makka, mi ya ci ni?» Matan gidan suka yi dariya. Wata daga cikin baƙin ƙauye ta ce, to, uwar ɗa ta fara magana. Kunya ta rufe ni, na ci gaba da tsince shinkafata. Kalmar nan ta hoto ita ta ci mu, Inna. Da tun farko an kira abin da wani suna mai ban tsoro, da ke da kanki kin tsaya a bakin ƙofa kin hana. Amma wa ke tsoron hoto?

Na uku shi ne wanda har gobe ba ni da bakin kare kaina a kansa. Ciwon kan bai daina ba, wata maƙwabciya ta ba ki labarin wata sabuwar kilinik a ƙetaren kogi, mai sabon inji. Muka tafi. Aka miƙo takarda, tambaya ɗaya ce da ta wancan karon. Wannan karon na san amsar, na san dalilin tambayar, maganar Madam Fati tana cikin kunnena. Na dube ki, kin gyara lulluɓi kina jan carbi, fuskarki duk damuwa, kin rame saboda yaron nan. Na rubuta a'a. Aka sake rataya mini rigar darma. Habibu ya gaji, ya motsa kai a tsakiyar aiki, sai da aka maimaita wani sashe. A hanyar komawa gida ya yi barci a jikinki, ni kuwa ina kallon taga ina ƙin kaina.

Ba zan ɗora miki wannan ba. Ke ba ki sani ba, kuma so ne ya ja ki. Ni ce na sani, na auna lafiyar ɗana da dariyar matan tsakar gida, na zaɓi kada a yi mini dariya.

Da kika ce za mu je wurin na huɗu, wani dattijon likita da aka yaba miki, sai na zo gidan da hantsi kina wanka. Na ɗaga katifarki, ni da ban taɓa zama a bakin gadonki ba sai kin ce in zauna, na zare ambulan ukun na ɓoye cikin mayafi. Taksi ya bi da mu ta Gaweye, a bakin kogi. Kogi ya janye har tsibiran yashi sun fito, mutane suna takawa a inda jirgi yake bi da. Kina ta yi wa Habibu bayanin yadda ruwan yake a shekarar da kika fara zuwa Yamai, ni kuwa gumi yana jiƙa takardun a hammatata.

Dattijon bai miƙo takarda ba, da baki ya yi tambaya, da Hausa. Kika ce wanga na farko. Sai na ji muryata tana fita kamar ta wata. Na ce, «Ba na farko ba ne, likita. Habibu ɗana ne, sau uku ana sa shi cikin injin, ga hotunan.» Na ajiye su a kan tebur. A numfashi ɗaya na kira sunan ɗan fari a gabanki, na ce nawa ne, na kuma ƙaryata ki a gaban baƙon namiji. Ban dube ki ba, amma na ji lokacin da carbinki ya daina motsi.

Likitan ya san mutunci. Ya yi kamar bai ji komai ba, ya ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya a jikin taga, ya daɗe yana dubawa. Ya ce kan yaro lafiya lau, ba zai sa a yi na huɗu ba. Ya tambayi Habibu a ina yake zama a aji. Ya ce a baya. Ya tambaye shi ko yana ganin allo. Ya ce in ya matse ido yana gani. Aka tura mu wurin mai duba ido. Inna, tabarau ne. Wata da watanni muna leƙa cikin kan yaro da inji, ashe maganar tana bisa hancinsa, kuma ba wanda ya tambaye shi sai wannan dattijo.

A taksi kika kawar da kai har muka isa gida. Washegari da la'asar sai ga Goggo Mariya a ƙofar gidana, riƙe da hannun Habibu, da ƙullin kayansa a ka, har da 'yar tasar da yake cin tuwo. Ta ce Inna ta ce ga ɗanki. Abin da ta faɗa ke nan, ta juya.

Na ɗauka hukunci ne. Na ce a raina, tunda na ce ɗana ne a gaban mutane, kin jefo mini abina. Ni ma jininki ce, taurin kai ba aro na yi ba. Sai na ƙi zuwa ba da haƙuri, don ina ganin ni ke da gaskiya. Ina zuwa gaisuwa kowace Juma'a, in durƙusa, ki amsa, ki tambayi aiki, in tambayi ƙafa. Habibu ya faɗa jikinki, ki shafa kansa, ki ba shi ƙuli-ƙuli, amma ba ki sake cewa ya kwana ba. Damina ta dawo, baƙi suka koma ƙauye, soja suka koma bariki, mu muna nan a yadda muke. Shekara biyu muka yi haka, sai Allah ya karɓi ranki ran wata Talata da safe, ina biro ina buga takarda.

Habibu yanzu ya zama saurayi, ya fi ubansa tsawo, yana koyon aikin lantarki, tabarau dai har yau. Lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Likitoci sun sha gaya mini in kwantar da hankali, cewa abin da ake tsoro ba kasafai yake faruwa ba. Na yarda da su. Amma duk ranar da ya ce kansa yana ciwo, sai na tuna rigar darmar nan. Na ba shi hotunansa uku, na ce duk likitan da ya tambaye shi ya faɗi gaskiya. Matan unguwa kuma sun san ni, in na ji za a kai yaro sikanar sai na tare uwar a hanya. Nakan ce kada ta ƙi in likita ya ce dole ne, amma ta ɗauki tsofaffin hotuna, ta tambaya ko akwai wata hanyar dubawa marar wannan haske, ta kuma tambaya ko an daidaita injin da jikin yaro. Suna ce mini Madam Sikanar a bayan ido, ina ji, ban damu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wannan. Watan jiya na je ta'aziyya Tondibiya, a cikin mata sai wata tsohuwa doguwa ta kama hannuna ta ce, ke ce uwar yaron da ya san gado? Madam Fati ce, ta yi ritaya. Ta tambaye ni ke, na ce kin rasu. Ta yi salati, sannan ta ce tunda mai amanar ta tafi, bari ta sauke.

Ta ce kin zo gidanta. Ke, Inna, da ba ki zuwa ko kasuwar Bukoki ba ɗan rakiya. Kin koma kilinik ta biyun nan kin nemi mai injin, aka ce tana hutu, kika yi ta tambaya har aka kwatanta miki, kika shiga mota ke kaɗai cikin zafin nan. Da na lissafa kwanakin, safiyar ranar da kika aiko mini da Habibu ce. Ta ce kin ƙi zama a kujera, kin zauna a ƙasa, kin ce da ita, «Ɗiyata, hwaɗa mini gaskiya don Allah. Na kashe shi?» Ta rantse miki cewa ba ki kashe shi ba, ta yi miki bayani kamar yadda ta yi mini. Kika saurara har ƙarshe, kina share ido da bakin mayafi. Da za ki tashi kika ce, «Uwarshi ta hi ni gani. Yau zan maida mata shi, ban yarda da hannuna ba kuma. Amma kar ki hwaɗa mata na zo, ba ni iya haɗa ido da ita.»

Inna, a tsakar gidan mutane, a cikin makokin wanda ban ma sani ba sosai, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Ashe ba fushi kike yi da ni ba. Duk Juma'ar nan da nake durƙusawa ina jiran ki huce, ke kina zaune kina jin nauyina. Kin raba kanki da yaron da kika fi so a duniya don kina tsoron ki cuce shi, ni kuma ina da maganar da za ta warkar da ke a bakina, cewa ba laifinki ba ne, ni ce na riƙe alƙalami. Da sau ɗaya na matso na faɗa miki haka, da ya koma ɗakinki a daren, da kin yi shekara biyun nan da Maigidanki a gefenki. Ban faɗa ba, saboda ina jiran ki fara.

Ki yafe mini, Inna. Ki yafe mini ƙaryata ki da na yi a gaban baƙo, alhali ina iya kama ƙafarki a ɗaki in yi ta roƙo har ki ji. Ki yafe mini shirun da na yi kafin ranar, da wanda na yi bayanta, wanda ya fi muni. Ni ban riƙe ki da komai ba, ko ƙwayar gero.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa ciyarwar da kika yi a shekarar fari ta tsaya miki ranar da ba inuwa sai tasa. Allah ya tsare Habibu da 'ya'yan Musulmi da na kowa daga cutar da ake gani da wadda ba a gani. Allah ya sada mu a Aljanna, in samu in faɗa miki da bakina. Amin.

Wassalam.

'Yarki mai taurin kai irin naki,
Hadiza